Daga Harra Zuwa Tsibirin Giwayen Teku

Tsibirin ba shi da tasha, saboda haka jirgi mai saukar ungulu ne ya riƙa kwasarmu daga kan jirgin ruwa yana direwa a kan tudu. Ina sa ƙafa a ƙasa ta nutse cikin taɓo har ƙauri. Na ɗaga kai na ga baƙaƙen duwatsu zube ko'ina, sak irin waɗanda na taso a cikinsu a unguwarmu ta Harra ta Yamma a Madina. Sai dai namu ƙona tafin ƙafa suke yi, waɗannan kuwa ruwa ke tsiyaya a jikinsu, iska na jifarsu da ƙanƙara.

Sunana Adamu. A Madina aka haife ni, a can aka rufe mahaifina, amma fasfo ɗina na Nijar ne, ƙasar da a lokacin ban taɓa takawa ba. Iyayena mutanen Damagaram ne, sun zo hajji suka zauna. Irinmu da iƙama muke zaune, wato takardar izinin zama, kuma ba ka samunta sai wani ɗan ƙasa ya tsaya maka a matsayin kafili. Kafilina wani mai shagon kayan gini ne a unguwar Jurf. Na karanta ilimin dabbobi a Sudan, duk hutu ina komawa gida in sabunta takarduna. Daga nan na samu gurbin ƙaro karatu a Afirka ta Kudu. Malamina na can ne ya ce ana neman mutum biyu da za su shekara a wani tsibiri can ƙasan duniya suna bin giwayen teku. Jirgi sau ɗaya yake zuwa a shekara. Wanda ya sauka, sai baɗi.

Na san iƙamata za ta ƙare ina can. Shi ya sa kafin in taho na damƙa maganar a hannun Jibrin, wani maƙwabcinmu ɗan Chadi wanda sana'arsa bin ofisoshi yana gyara wa mutane takardu. Tun ina yaro yake cin tuwo a gidanmu. Ya dafa ƙirjinsa ya ce, "Khalas ya Adam, ka ɗauka an gama. Ni da kafilinka kullum muna tare. Je ka yi karatunka."

Mu 'yan kaɗan aka bari a tsibirin: masu duba yanayi, masu bin tsuntsaye, mai gyaran injin wuta, sai shugabarmu Elsa, wadda ita ce kuma likitarmu. Abokin aikina Tabo ne, wani dogon saurayi baƙar fata daga ƙauyen gabashin ƙasarsu, mai yawan waƙa ko ana ruwa ko ana iska. Ranar da jirgin ruwa ya busa ƙaho ya juya, kowa ya fito yana ɗaga hannu. Ni dai na tsaya har ya zama ɗigo, na ce a raina, Adamu, wa ya aike ka?

Giwar teku ba giwa ba ce, ba kuma kifi ba. Dabba ce mai shayarwa, ba ta da ƙafafu sai filafilai, da ciki take jan jiki a kan tudu. Namijin ya fi ƙaramar mota, yana da wani hanci mai reto wanda yake hurawa in zai yi ruri, daga nan sunan ya samo asali. Ranar da na fara ganin ɗaya kusa, na ɗauka dutse ne har sai da ya buɗe jajayen idanu ya yi gyatsa. Warinsa kuwa, ko mahautar raƙuma ba ta kai shi ba.

Tun ba a haife ni ba ake wannan bincike. Duk ɗan da uwarsa ta yaye, sai a maƙala masa 'yar alama mai lamba a filafilan baya. Aikinmu mu zagaya gaɓar teku da ƙafa, mu lallaɓa ta bayan kowace dabba mu karanta lambarta, a san wa ta dawo, wa ta haihu, wa ya ɓace a teku. Haka ake gane ko suna ƙaruwa ko suna ƙarewa. In aka bar shekara guda ba a bi ba, an yi giɓin da ba ya cikuwa har abada. Wasu gaɓoɓin sai mun yi kwanaki muna tafiya, muna kwana a 'yan bukkokin kwano. Ban taɓa bushewa ba. Yatsuna suka tsattsage, har alwala ta zama jarrabawa.

Tabo bai san komai game da Musulunci ba, amma da ya ga ina neman wurin sallah cikin taɓo, sai ya yanko mini wani falankin katako daidai tsayina, ya riƙa ɗauke da shi a bayan jakarsa. In lokaci ya yi sai ya jefar da shi ƙasa ya ce, "Ga masallacinka," ya juya baya yana tare mini iska. A Madina kudu muke fuskanta. A can kuwa alƙibla arewa ce sak, kuma na san in ka wuce Makka a kan wannan layin, gidanmu za ka tarar. Sau da yawa nakan idar da sallah in kasa tashi.

Akwai waya guda ta tauraron ɗan Adam a sansani, ana bin layi. Muryar mahaifiyata takan zo tana yankewa.

"Adam, ya waladi, me kuke ci a wurin nan?"

"Abincin gwangwani, Ummi."

"La haula. Babu burodin tamis? Babu ko shayi na kirki? To su dabbobin nan, ana cinsu?"

"Ba a ci. Ƙirga su muke yi."

Sai ta ce, "Tayyib. Allah Ya sa ƙirgar ta amfane ka."

Lokacin haihuwarsu na kamawa gaɓoɓi suka cika. Mata ɗaruruwa kwance jiki da jiki, kowane garke da ƙaton namiji guda yana tsaronsa, wasu mazan na shawagi a bakin ruwa suna neman sa'a. In biyu suka haɗu sai su miƙe ƙirji da ƙirji suna sarar juna har jini ya rina yashi, kuma duk jaririn da ya faɗo a hanyarsu sun murƙushe shi. Uwa ba ta ci ba ta sha har ta yaye. Kana gani tana zubewa, ɗan yana kumbura. Aiki ya yi mana yawa, na yi makonni ban kira gida ba.

Da na dawo sansani Elsa ta ce ƙanwata ta yi ta nemana. Maryama ke nan, wadda ke aure a unguwar Bani Harisa. Ita da Larabci take magana, ko an yi mata Hausa da Larabci take amsawa. Amma ran nan da Hausa ta fara, shi ya sa na san ba lafiya.

"Yaya, Ummi ta faɗi. Tana mustashfa, asibiti. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya karkace."

Na ce, "Tana magana?"

"Kaɗan. Sunanka take kira." Ta ja numfashi. "Akwai wata maganar kuma. Mijina ya je duba takardunka. Yaya, iƙamarka ta mutu tuntuni. Kafilinka ya rufe shago ya koma garinsu. Ba a sabunta komai ba."

"Jibrin fa? Ai ya ce an gama!"

"Duk sanda Ummi ta tambaye shi haka yake cewa. Yanzu wayarsa a kashe, ɗakinsa wani ne a ciki. Ba kai kaɗai ba ne, mutane da yawa na nemansa."

Na ajiye wayar na tafi wurin Elsa. Ban san da wane harshe na yi mata magana ba. Na ce a kira jirgi, uwata na mutuwa. Ta zaunar da ni, ta riƙe hannuna biyu, ta ce jirgi ba ya tasowa sai in ran wani a cikinmu na cikin haɗari, kuma ko an taso sai an yi kwanaki a teku. Ta ce za ta rubuta ta roƙa. Ta rubuta. Amsa ta zo da ta'aziyya tun kafin a mutu, da kuma a'a.

Na fita na nufi bakin teku ina ta tafiya. Ko'ina na duba ruwa ne, launin toka, yana ta dukan dutse. Na yi kuka, na yi kira da ƙarfi, iska ta kwashe muryar. Ko da jirgin ya zo a ranar, ina zan je? Garin da aka yanke cibiyata ya rufe mini ƙofa, ni kuwa ban san wani gari ba.

Washegari Tabo ya ce in zauna, shi zai fita shi kaɗai. Na ce zama zai haukata ni. Muka je wata gaɓa mai duwatsu inda ake auna 'ya'yan da aka yaye. Ƙa'ida ita ce mutum ɗaya na karanta lamba, idonsa ɗaya na kan abin da ke bayansa. Ni jikina ne kawai a wurin. Na durƙusa bayan wata uwa ina share yashi daga alamarta, ban lura da wata a gefena ba. Sai na ji Tabo ya ƙwala ihu, na ji an damƙi cinyata an ɗaga ni sama an yar. Ban ji zafi ba da farko. Na ga wandona ya yage, jini na ɓulɓula, dabbar ta buɗe baki a kaina tana huci. Tabo ya shiga tsakaninmu yana buga sandarsa a dutse har ta ja baya, ya ja ni ta wuyan riga zuwa tudu.

Ya ɗaure cinyar da igiyar jakarsa, ya kira sansani ta rediyo, sannan ya goya ni. Mutumin nan ya goya ni cikin taɓo da ruwan ƙanƙara, yana faɗuwa yana tashi, yana waƙa da harshensu don kada in suma, har muka haɗu da waɗanda suka taho da gadon ɗaukar majinyaci. Duk tsawon hanyar abu ɗaya ke raina: yanzu dole su kira jirgi.

Elsa ta wanke ciwon, ta ɗinke, ta yi mini allurai. Da ta gama ta cire safar hannu tana murmushi ta ce, "Ka yi sa'a, haƙoran ba su taɓa babbar jijiya ba. A nan za ka warke."

Na fashe da kuka kamar yaro. Ta ɗauka zafi ne. Tabo ne ya gane, ya ce mata ta bar mu. Ya zauna a bakin gado ya ce, "Uwata ta rasu ina makarantar kwana, ba a gaya mini ba sai da aka binne ta. Taka tana numfashi. Kira ta."

Daga ranar 'yan tawagar nan suka bar mini lokacinsu na waya, ba wanda ya roƙe su. Mai gyaran inji ya jawo igiyar har bakin gadona. Maryama takan kara wa Ummi waya a kunne, ni kuma in yi ta surutu. Ina ba ta labarin yadda 'ya'yan da aka yaye ke taruwa a kududdufi suna koyon iyo, yadda suke zuwa su kwanta a kan takalminka suna kallonka da manyan idanu. Ba ta iya amsawa sai "uhm". Wata rana Maryama ta ce, "Yaya, abin mamaki, Larabcinta ya tafi. In ta samu kalma, Hausa ce, irin ta Damagaram, wasu ma ban san su ba. Ma'aikatan asibiti ba sa gane ta, ni ma da kyar." Sai na zama tafinta daga ƙarshen duniya. Ummi ta yi gunaguni a waya, ni in ce wa Maryama kunu take so, ko ƙafarta ke sanyi.

Na warke na koma aiki ina ɗingishi. Dabbobin suka dawo saɓa, suka kwanta cikin taɓo fatarsu na zubewa kamar tsohon bargo. Muka bi su muka karanta. Suka koma teku, gaɓoɓi suka zama fayau. Ranar da jirgi ya ɓullo, ban ɗaga hannu ba, na riga na ɗaure kayana tun da daɗewa.

A Afirka ta Kudu na je ofishin biza, na yi bayani da Larabcin Madina tsantsa. Ma'aikacin ya saurare ni da tausayi, ya ce hanyar zama ta rufe, in ina son shiga sai dai in je ƙasata in nemi bizar umra kamar kowa. Tabo ya raka ni filin jirgi, ya cusa mini rigar sanyinsa a jaka. Na ce inda za ni wuta ake yi. Ya ce, "Ka riƙe dai."

Yamai, babban birnin Nijar, ta karɓe ni a matsayin baƙo. Jami'in filin jirgi ya yi mini Faransanci, na tsaya ina kallonsa. Na yi masa Hausa, ya kira abokinsa ya zo ya ji yadda nake cewa "khalas" da "ya'ani". Ban san kowa ba. Na sauka a wani masauki kusa da tasha, kullum ina sintiri wurin masu shirya umra, kullum a ce gobe. Guzurina ya ƙare. Na koma kwana a barandar wani masallaci.

A nan wani tsoho mai sayar da turare da carbi, Baba Illiya, ya ji ina waya da Maryama. Da na gama ya matso ya ce da Larabci, "Kai ɗan wace unguwa ne?"

Na ce, "Harra ta Yamma."

Ya rufe fuska da hannu. Ashe ya yi shekaru masu yawa a Madina yana ɗinki, aka kama shi ba takarda aka dawo da shi, ya bar mata da 'ya'ya a can. Ya kwashi jakata da kansa ya kai ɗakinsa. Ya dafa shayi da na'ana'a, ya sa ni in yi ta faɗa masa tituna, wane gini aka rushe, wace kasuwa ta tashi. Shi ya kai ni wurin wani mai gaskiya a cikin masu shirya tafiya, ya tsaya a kaina har biza ta fito. Da zan tafi ya ce, "Ɗana, ba na aiken komai. In ka shiga Harami ka yi wa Manzon Allah sallama, ka ce Illiya mai ɗinki bai tafi da son ransa ba."

Na sauka a Madina cikin layin alhazai, da jakar kamfani a wuya. Wani matashin jami'i ya karɓi fasfo ɗina yana yi mini nuni da hannu kamar kurma. Na gaishe shi da harshen gari. Ya ɗago ya dubi inda aka rubuta wurin haihuwa, ya dube ni.

"Kai ɗan nan ne?"

"Ɗan nan ne."

Ya buga hatimi a hankali ya ce, "Barka da dawowa. Amma ka kula da ranar fita."

Ummi na kwance a ɗakinta, an jingina ta da matasai. Ta rame har na ga ƙasusuwan wuyanta. Na durƙusa na sa fuskata a tafin hannunta na hagu, mai motsin. Ta shafa kaina, ta shafa gemun da na tara a tsibiri, ta ce da kyar, "Ka... yi baƙi." Maryama ta yi dariya tana kuka.

Na zauna da ita. Ni ke ba ta kunu, ni ke juya ta, ni ke murza mata ƙafa. Na kai saƙon Baba Illiya. Na bi ofisoshi, na bi 'yan kasuwa ina neman sabon kafili, kowa ya ce bizar umra ba ta juyawa ta zama iƙama. Jibrin kuwa ko labarinsa babu. Kwanakin bizata suka yi ta zagwanyewa.

Abokan ƙuruciyata suka ce, "Ka zauna kawai. Wa zai gane ka? Harshenka na gari ne, ka san kowane lungu. Mutum nawa ke zaune haka?" Na yanke shawara zan zauna. Na ce wa Maryama a ƙofar ɗaki, ina rage murya, ta ce ita ma abin da take so ke nan.

Ashe Ummi ta ji. Ta buga gefen gado da hannu har muka shigo. Maganar ta ɗauke ta lokaci mai tsawo, kalma na fita ɗaya bayan ɗaya, yawu na zuba ina share mata.

"Ni na yi zaman ɓuya a garin nan, kafin ubanku ya samu takarda. In an ƙwanƙwasa ƙofa, ƙarƙashin gado. Ina da cikinka na kwana a bayan tankin ruwa. Ban haife ka don ka gaje ni ba."

Na ce, "Ummi, in na tafi wa zai ji maganarki?"

"Wannan sai ta koya." Ta nuna Maryama da haɓa. "Ta daɗe tana yi mini Larabci."

"Ummi..."

"Nuna mini su."

Na ɗauko waya na buɗe mata hoton wani ƙaton namiji ya hura hanci yana ruri. Ta daɗe tana kallo. Ɓarin bakinta mai rai ya motsa.

"Wannan mummunan ne ya cije ka?"

"A'a, mace ce."

"Tana da ɗa?"

"Tana da shi, yana gefenta."

"To ba ta yi laifi ba." Ta ture wayar. "Je ka gama ƙirgarka. Ka fita ta ƙofa, don ka dawo ta ƙofa."

Ranar tafiya na yi mata wanka da taimakon Maryama, na shafa mata turare, na ba ta kunu har ta ƙoshi. Na ɗauki jaka na tsaya a bakin ƙofa. Ummi ta juya fuskarta bango don kada in ga idonta. Maryama ta zauna a inda nake zama, ta ɗauki ƙoƙon ruwa, ta sunkuya kusa da kunnenta. Ina saukowa daga bene na ji muryarta, da Hausarta mai karyewa, tana cewa, "Ummi, sake faɗi. A hankali. Ina ji."